Asali da Gwaji a Wajen Sabunta Wasannin Dara

Gabatarwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wasu al'amura guda biyu waɗanda ke rataye a wuyan mai sabunta wasa, watau mutumin da ya ɗauki wasan da jama'a suka riga suka sani, ya yi masa ƙari ko ragi, sa'an nan ya fitar da shi da sabuwar kama. Al'amari na farko shi ne faɗin inda ya samo abin da ya ɗora aikinsa a kai. Na biyu kuwa shi ne miƙa sabon wasan ga 'yan wasa su gwada shi, su faɗi aibinsa, tun kafin a kai shi kasuwa. Abin da ake nufi da wasannin dara a nan shi ne dukkan wasannin da ake yi a zaune, a kan allo ko tabarma ko ƙasa, da 'ya'yan da ake turawa bisa wasu dokoki. Saboda haka kalmar ta haɗa da darar Hausawa, da ludo, da shaɗaranji, da ire-irensu na cikin kwali waɗanda ake sayarwa a kanti.

Wataƙila wani ya ce wasa ai wasa ne, bai kai a tara dattawa a zauren jami'a dominsa ba. To, amma a kan irin wannan wasa an yi shari'a ta kusan shekara goma a Amurka, an haƙa rami an binne kaya na dubban daloli, kuma an bar wata mace ta mutu ba wanda ya san ita ce tushen wasan da ya cika duniya. Abin da ya jawo haka ya cancanci a dube shi, musamman a zamanin da aka fara zuba wasannin gargajiya na Afirka cikin kwali da cikin wayar hannu.

Wasan da ba shi da mai shi

Darar da aka sani a ƙasar Hausa galibi gurbi talatin gare ta, layi biyar a kowane layi gurbi shida, kuma kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Ɗaya yakan riƙe tsinke, ɗayan ya riƙe tsakuwa ko ƙwallon wani itace. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga tura su, wanda duk ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa kuma suna kiranta dili. Akwai dokoki biyu da ya kamata a lura da su. Ba a yarda mutum ya jera uku a lokacin dasawa ba, kuma jeren huɗu ba ya ci. Duk wanda ya san dara ya san amfaninsu: in da an bar ci a lokacin dasawa, da wasan ya rikice tun ba a fara turi ba, in da kuma jeren huɗu yana ci, da an rasa rabin dabarun tarewa. Lalle wani ne ya fara hango wannan aibi, wasu suka yi gardama da shi a gindin bishiya, aka gwada, aka ga gaskiyarsa, dokar ta zauna. Ba wanda ya san sunansa, kuma rashin sanin bai cuci kowa ba, domin ba wanda ya ci ko anini da dokar, ba kuma wanda ya fito ya ce shi ne ya ƙaga ta.

Matsala tana farawa ne ranar da takarda da kwali da kuɗi suka shigo. Misali mafi kusa shi ne ludo. Yaron da ke jefa ƙwayar ludo a Fagge ko a Maraɗi yakan ɗauka wasan Turawa ne, alhali kuwa asalinsa wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda ake yi a kan ƙyalle mai siffar gicciye, ana jefa wuri maimakon ƙwaya mai fuska shida. A shekarun 1890 aka yi masa rajista a Ingila da sunan Ludo, bayan an sauƙaƙa dokokinsa an maye gurbin wurin da ƙwaya. Da wannan suna ya zaga ƙasashen da Ingila ta mallaka, har ya koma Indiya kanta yana baƙo.

Labarin Monopoly

Babu labarin da ya fi bayyana wannan al'amari kamar na wasan Monopoly, saboda haka za a ɗan daɗe a kansa.

Shekaru da dama kamfanin Parker Brothers yana ba da labarin cewa wani mutum mai suna Charles Darrow, mazaunin Filadalfiya, wanda ya rasa aikinsa a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, shi ne ya zauna a gidansa ya ƙago wasan, ya sayar wa kamfanin a 1935, ya zama attajiri. Labari ne mai daɗin ji ga mutanen da talauci ya gallaba, amma ba haka abin ya faru ba.

Tun ranar 5 ga Janairu, 1904, hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka ta ba wata mace mai suna Elizabeth Magie takardar shaidar mallakar wani wasa da ta kira The Landlord's Game, watau wasan mai gidajen haya. Allon wasan nata mai kusurwa huɗu ne, ana zagaya shi, akwai filaye na saye da na haya, akwai hanyoyin jirgin ƙasa, akwai gidan kurkuku, kuma duk wanda ya kammala zagaye guda ana biyansa lada. Magie mabiyar wani masanin tattalin arziki ce mai suna Henry George, wanda ya wallafa littafinsa Progress and Poverty a 1879, yana kira da a ɗora haraji a kan ƙasa kaɗai. Nufinta shi ne wasan ya zama darasi, mutane su gani da idonsu yadda mai ƙasa ke ƙiba ɗan haya yana ramewa. Har ma ta tanadi dokoki iri biyu, ɗaya wanda kowa ke amfana idan dukiya ta ƙaru, ɗayan kuwa wanda mutum guda ke tsiyata sauran. Abin ban dariya, ko kuwa na ban takaici, shi ne jama'a na biyun suka fi so.

Daga nan wasan ya shiga hannun mutane kamar yadda tatsuniya ke shiga. Wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania, Scott Nearing, ya riƙa koyar da ɗalibansa da shi. Ɗalibai suka riƙa zana nasu allon a gida, kowa yana sa sunayen titunan garinsu, suna kiransa monopoly a bakinsu. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ya isa garin Atlantic City, ya shiga hannun wata jama'ar Kirista da ake kira Quaker. Waɗannan mutane su ne suka sa sunayen titunan garin nasu a kan allon, suka kuma yanka wa kowane fili tsayayyen farashi. Wani mai suna Charles Todd ya koyi wasan ta hanyarsu, shi ne kuma ya koya wa Darrow, ya ba shi dokokin a rubuce.

A nan akwai wani abu da masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami za su gane nan take. Idan aka sami kofi biyu na waƙa guda, aka tarar da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to an san ɗayan daga ɗayan aka kwafe shi, ko kuwa dukansu daga uwa ɗaya suka fito, domin mutum biyu sukan dace a kan daidai, amma da wuya su dace a kan kuskure. Kusa da Atlantic City akwai wata unguwa mai suna Marven Gardens. A kan allon Todd an yi kuskure an rubuta Marvin, kuma wannan kuskure ya bayyana a kan allon Darrow, ya ci gaba da bayyana a kan miliyoyin allunan da kamfanin ya buga. Harafi guda ya tona asirin da talla ta shekara arba'in ta rufe. Sai a 1995 kamfanin ya amince da kuskuren rubutun, ya ba mutanen unguwar haƙuri.

Kamfanin bai jahilci Magie ba. A 1935 ya saye takardar shaidarta ta biyu, wadda ta samu a 1924, a kan dala 500, ba tare da wani kaso daga ciniki ba. Ta karɓa da murna domin tana zaton za a yaɗa darasinta. Da ta ga yadda abin ya juya, ta yi hira da jaridun Washington a farkon 1936, ta nuna allonta na asali, amma maganar ba ta yi nisa ba. Ta rasu a 1948, kuma sanarwar rasuwarta ba ta ambaci wasan ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Gaskiyar ta fito ne ta wata hanya da ba a zata ba. A 1973 wani malamin tattalin arziki a San Francisco, Ralph Anspach, ya fitar da nasa wasan da ya kira Anti-Monopoly. Masu Monopoly suka ce ya taɓa sunan hajarsu, aka shiga kotu. Da farko Anspach ya sha kaye, har aka binne kimanin kofi 40,000 na wasansa a wani juji a jihar Minnesota. Amma a wajen neman hujja ya bi sawun wasan baya, ya nemo tsofaffin da suka yi shi kafin Darrow, har da Todd, suka ba da shaida. A 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, a 1983 kuma kotun ƙoli ta ƙi ta sake duba hukuncin. Littafin Mary Pilon mai suna The Monopolists, wanda ya fito a 2015, shi ne ya kai labarin ga sauran jama'a.

Ya kamata a yi wa Darrow adalci. Ya gyara zanen allon, ya zuba kuɗinsa ya buga shi, ya yi yawon kantuna da shi a lokacin da ba kowa ke da ƙarfin halin yin haka ba. In da ya ce ga wasan da ya koya wurin wane, ga kuma abin da ya ƙara, da ba mai zarginsa. Laifinsa shi ne ya yi rajistar abin a matsayin ƙirƙirarsa, ya kuma bari aka yi ta maimaita labarin har ya rasu a 1967.

Doka da amana

Doka ba ta da dogon hannu a wannan fage. A Amurka, alal misali, haƙƙin mallakar rubutu yana kare kalmomin da aka rubuta dokokin wasa da su, da zanen allo, amma ba ya kare dabarar wasan kanta. Takardar shaidar ƙirƙira kuwa wa'adi gare ta. Ta Magie ta farko shekara 17 ta yi ta ƙare. Ke nan mutum na iya ɗaukar wasan wani ɗungum, ya sake masa suna da kalmomi, kotu ba ta ce masa uffan ba. Abin da ya rage shi ne amana.

Malaman wannan ƙasa sun daɗe da sanin wannan amana. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Wannan ɗabi'a ta isnadi ta shiga har cikin wasa. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, al-Adli ya rubuta littafi a kan shaɗaranji wajen shekarar 840. Bayansa as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya rubuta nasa, yana kawo abin da al-Adli ya faɗa da sunansa, sa'an nan ya nuna inda yake ganin ya kuskure. Almajirin as-Suli, al-Lajlaj, shi ma ya ambaci malaminsa. Saboda wannan ɗabi'a ne ma aka san abin da ke cikin littafin al-Adli, domin littafin kansa ya ɓace, sai abin da na baya suka naƙalto daga gare shi. A kwatanta wannan da babban canjin da aka yi wa shaɗaranji a ƙasar Sifen wajen 1475, inda aka mai da waziri, wanda a da gida ɗaya yake takawa a karkace, ya zama mafi ƙarfi a kan allo. Canjin ya mamaye Turai cikin shekaru kaɗan, amma ba a san wanda ya fara shi ba.

A fagen adabin Hausa ma an ga hanyoyin biyu. Akwai tarin tatsuniyoyi da labarai na farkon zamanin Turawa waɗanda ke ɗauke da sunan jami'in da ya tara su, malaman da suka rubuta su da hannunsu kuwa sai an tona kafin a gano wasunsu. Akwai kuma littafin Mary Smith na 1954, wanda ta sa wa sunan tsohuwar da ta ba ta labarin, Baba ta Karo. Duk wanda zai zuba dara cikin kwali, ɗayan hanyoyin nan biyu zai bi.

Masu tsara wasanni na Jamus sai da suka yi tawaye kafin su sami wannan haƙƙi. A 1988, a wajen baje kolin kayan wasa na Nuremberg, mutum 13 daga cikinsu suka sa hannu a kan 'yar takardar da ake ɗora tambulan a kai, suka yi alkawarin ba za su ƙara ba wani kamfani wasa ba sai in za a buga sunan mai shi a kan kwalin. Daga baya wannan ya zama al'ada, har masu saye suka koma neman wasa da sunan wanda ya tsara shi, kamar yadda ake neman littafi.

Gwaji

Faɗin asali yana da wani amfani bayan sauke nauyi. Wanda ya san inda doka ta fito, ya san abin da aka kafa ta domin ta hana, saboda haka ba zai tumɓuke ta da ka ba. Wannan shi ne mahaɗin al'amari na farko da na biyu.

A duba dangin wasan nan na ramuka da 'ya'yan itace, wanda Yarabawa ke kira ayo, mutanen Akan na Ghana ke kira oware. Turawa suna kiran dangin duka mancala, daga kalmar Larabci mai ma'anar ɗauka daga wuri zuwa wuri, tushen da Hausa ta samo kalmar naƙalta. A oware ramuka goma sha biyu ne, 'ya'ya 48, ana ci idan ɗan ƙarshe ya faɗa ramin abokin karawa ya mai da abin da ke ciki biyu ko uku. Wajen 1940 wani Ba'amurke mai suna William Champion ya tsara nasa samfurin, ya kira shi Kalah, ya yi masa rajista a shekarun 1950. Ya kawo dokar cewa wanda ɗansa na ƙarshe ya faɗa rumbunsa zai sake wasa nan take. Dokar tana da daɗi a hannu, yara suna sonta. Amma da aka sa kwamfuta ta bi diddigin wasan, sai ta nuna cewa wanda ya fara shi ne zai ci muddin bai yi kuskure ba, domin yana iya jera wasa bayan wasa tun daga farko. Oware kuwa, a 2002 wasu masana biyu na wata jami'a a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, suka lissafa dukkan yanayin da allon zai iya kasancewa bisa dokokin da suka ɗauka, kimanin biliyan 889, suka tarar cewa idan gwanaye biyu suka haɗu ba wanda ya kuskure, kunnen doki za a yi. Wasan da talakawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gogewa a kasuwa da ƙofar gida ya fito daidai wa daida, na mutum guda mai takardar shaida ya fito da gurguwar ƙafa. Maganin da aka samo wa Kalah shi ne a ba na biyu damar musanya gefe bayan wasan farko in ya ga dama. Daɗin daɗawa, a kantunan Amurka Kalah ɗin nan ake sayarwa da sunan Mancala, mai saye yana zaton tsohon wasan Afirka ne ya saya. Jingina wa kakanni abin da ba su yi ba shi ma ɓata isnadi ne.

Ba kowane gwaji ne ke isa ba. José Raúl Capablanca na ƙasar Kyuba, wanda ya riƙe kambin shaɗaranji na duniya daga 1921 zuwa 1927, ya ji tsoron cewa gwanaye sun kusa haddace wasan har ya zama kullum kunnen doki. Sai ya faɗaɗa allon, a ƙarshe ya tsaya a kan gida goma sau takwas, ya ƙara 'ya'ya biyu, ɗaya mai haɗa tafiyar doki da ta hasumiya, ɗayan mai haɗa ta doki da ta giwa. Wani Ba'italiye, Pietro Carrera, ya riga shi kawo irin wannan allo da waɗannan 'ya'ya tun 1617. Capablanca ya gwada wasan sau da yawa da abokinsa Edward Lasker, wanda ya ba da labarin cewa da wuya wasa ya wuce turi ashirin ko ashirin da biyar. Duk da haka jerin da aka san wasan da shi ya bar dakare guda ba mai tsaronsa tun daga farawa, kuma wasan bai karɓu ba. Gwanaye biyu suna iya gano ko wasa yana da zurfi, amma ba su ne za su faɗi ko mutumin gari zai yarda ya sayi sabon allo ya watsar da abin da ya sani ba. Bobby Fischer ya bi wata hanya. Samfurin da ya bayyana a Buenos Aires a 1996, bayan ya gwada shi da Susan Polgar a Budapest, bai buƙaci sabon allo ko sabon ɗa ba. Jerin manyan 'ya'ya kaɗai ake hautsinawa da ƙuri'a, bisa sharaɗin giwaye biyu su kasance a gidaje masu launi dabam, sarki kuma ya kasance tsakanin hasumiyoyi biyu, abin da ke ba da jeri 960. Hukumar shaɗaranji ta duniya ta shirya masa gasar kambi ta farko a 2019, Wesley So ya ci.

Monopoly ma yana da nasa darasin a nan. A gidaje da yawa akan tara kuɗin tara a tsakiyar allo, wanda ya sauka a kusurwar hutu ya kwashe. Wannan ba ya cikin dokokin da aka buga. An ƙago shi ne don tausayi, amma da yake wasan ba ya ƙarewa sai kuɗi sun ƙare a hannun mutane, mayar da kuɗin cikin wasa yana ja masa tsawo har kowa ya gaji. Mutanen da ke kukan wasan ba ya ƙarewa, galibi gyaran da suka yi da hannunsu ne suke kuka da shi.

Masu wannan sana'a sun gano cewa gwajin da ya fi amfani shi ne wanda mai wasan zai ba baƙi kwali da takardar dokoki, ya koma gefe ya kame bakinsa. In yana wurin yana bayani, to bakinsa ake gwadawa, takardar kuwa ita za ta je gidan mai saye. A ƙasar Hausa akwai ƙarin wahala, watau kunya da kara. Ƙane ba zai dubi idon wansa ya ce wasan da ya ɓata wata shida a kai ba shi da daɗi ba, ɗalibi kuma ba zai faɗa wa malaminsa haka ba. Za su ce madalla, Allah ya ƙara basira. Saboda haka tambayar ko wasa ya yi daɗi ba ta da amfani. Abin lura shi ne a ina aka tsaya gardama, wa ya fara hamma, sau nawa mai farawa ya ci cikin wasa hamsin, kuma da aka gama akwai wanda ya ce a sake ko babu. Idan kuma ɗaya daga cikin masu gwajin ya kawo gyaran da aka karɓa, ya zama tushe shi ma, sunansa ya cancanci shiga takarda. Mutanen Quaker na Atlantic City masu gwaji ne da suka zama masu gyara, kuma sai da aka je kotu aka ji sunayensu.

In za a yi wasan haruffa da Hausa

Misali na ƙarshe ya shafi harshe kai tsaye. Wasan Scrabble ya sami gindin zama a Nijeriya, har Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Perth ta ƙasar Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wanda ya ƙago wasan, Alfred Butts, mai zanen gine-gine ne da ya rasa aiki a shekarun 1930. Ya zauna ya ƙidaya yawan kowane harafi a shafukan jaridu kafin ya yanke yawan 'ya'yan da zai ba kowanne da makinsa. Cikin 'ya'ya 100 ya ba harafin E guda 12, amma ya taƙaita S a kan huɗu da gangan, domin da shi ake jam'i a Ingilishi, in ya yi yawa wasan ya yi arha. James Brunot, wanda ya sake wa wasan suna a 1948 ya kuma yi masa gyare-gyare, ya riƙa biyan Butts kaso daga kowane kwali.

Wanda zai mai da wannan wasa Hausa, in ya san dalilin Butts, zai gane cewa lissafin Ingilishi ba zai yi masa aiki ba ko kaɗan. Harafin a ya rinjayi kowane harafi a Hausa da tazara mai yawa, q da v da x kuwa ba su da wurin zama. Dole a yanke shawara a kan ɓ da ɗ da ƙ, a kan ko sh da ts za su zama ɗa guda ko biyu, da kuma harafin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ a Nijar. Abin da S yake yi a Ingilishi, a Hausa wasalin ƙarshen aikatau ne ke yin sa, har ya zarce: daga saya ana samun sayi, saye, sayo, sayu, kuma ƙarin r ko n a ƙarshen suna yana ba da sabuwar siga kusan ko'ina, kamar riga da rigar, gida da gidan. In aka bar wannan ƙofa a buɗe, mai riƙe da n ko r zai riƙa cin makin kalmar da wani ya sha wahalar ginawa; in aka rufe ta gaba ɗaya, an hana Hausa halinta. Ga kuma tambayar alƙali. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin kare-karen harshe da ɗan Kano na yau bai taɓa ji ba, na Abraham na 1949 ya fi karkata ga Kananci, na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa ya fi kusa da daidaitacciyar Hausa. Wanda aka zaɓa cikinsu shi zai yanke ko Basakkwace zai ci maki da kalmar da ya tashi da ita a bakinsa. Irin wannan ba a warware shi a ofis. Sai an buga wasan a Sakkwato da Katsina da Damagaram da Zangon Kumasi, an rubuta kowace kalma da aka yi jayayya a kanta, da garin da aka yi jayayyar, da sunan wanda ya kawo ta.